Wasan Kujera

A bakin ɗana na fara jin wannan magana, ranar da na ce masa ina so in je gida. Ba biki zan je ba, ba kuma don na gaji da Riyad ba, ko da yake na gaji. Ƙawata ce ba lafiya. Tare muka tashi tun ba mu iya ɗaura zane ya zauna ba, kuma cikin duk 'yan matan da muka yi ƙuruciya da su, ita kaɗai ta rage mini a bayan ƙasa. Jikanta ne ya bugo waya ya ce ƙafafunta sun kumbura, ko tsakar gida sai an riƙo ta, kuma kullum sai ta tambaya ko na sa ranar zuwa. Na bari ɗan nawa ya dawo daga aiki, ya ci abinci, ya sha ruwa, sannan na faɗa masa. Ya kama murza goshi, yadda marigayi ubansa yake yi in an roƙe shi abin da ba ya son bayarwa.

"Hajiya, don Allah ki ƙara haƙuri," in ji shi. "Wasan kujera ake yi a wurin aikinmu. Duk wanda ya tashi yanzu, kafin ya dawo an ɗauke tasa. Ki bari abin ya lafa, ni da kaina zan kai ki."

Na ce to a sa ni a jirgi ni kaɗai mana, ai ba ƙunshin kaya ba ce ni da zan ɓace a hanya. Ya ce ina, da wannan gwiwar tawa, ga ciwon suga, ga canjin jirgi, ga doguwar tafiyar mota daga birni zuwa ƙauye, hankalinsa ba zai kwanta ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma ta fi ba ni haushi. Wasan kujerar nan kuwa ban san ko mene ne ba, ban kuma tambaya ba, domin tsohuwa in ta cika tambaya a gidan 'yan boko, sai a koma yi mata magana da ƙarfi ana jan kalma kamar kurma.

Ba a daɗe ba na gan shi da idona. Jikata ce aka yi wa abin da suke kira bikin ranar haihuwa. Sunana aka sa mata, don haka Takwara nake ce mata, ita kuma ta ce mini Jadda, wato kaka da Larabci. A nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma in ka yi mata sai ta mayar maka da Larabci, bakin nan car-car kamar ana soya gyaɗa. Uwarta ta kama hayar wani gidan shagali can ƙarshen unguwar Shifa, istiraha suke ce masa, mai katanga da ciyawar roba da fitilu. Aka tara yara, 'ya'yan mutanenmu da na Sudan da na wasu matan ma'aikata daga unguwar jakadu. Ni da ban san ranar da aka haife ni ba, an dai ce mini da kaka ne ana yankan gero, aka ba ni wuri a gefe da kofin shayi, na zama 'yar kallo.

Can sai wata budurwa ta jera kujerun roba a tsakar fili, baya da baya. Ta sa kiɗa a wayarta, yara suka kama zagaya kujerun, ana ta yalla yalla. Kwatsam ta kashe kiɗan, sai kowa ya faɗa wa kujerar da ke kusa da shi. Duk suka samu, ban da wata 'yar ficiciyar yarinya mai kitso biyu, ta tsaya tana waige-waige. Ni kuwa na duba na ga ga kujeru can jingine da bango an tara su, ba mai zama. Raina ya ɓaci. Na dafa gwiwa na miƙe, na jawo ɗaya ina ja tana ƙara, na kai wa yarinyar, na ce, "Zauna abinki, 'yar nan." Na juya wurin budurwar na ce, "Ke kuma ba ki iya ƙirga ba ne? Ga kujeru kamar a yi kasuwa, ki bar yarinya a tsaye?"

Wurin ya ɗauki dariya. Har da masu ɗaukata hoto a waya. Takwara ta rufe fuska da tafukanta don kunya. Matar ɗana ta zo ta kama hannuna a hankali, yarinya ce mai ladabi ba zan yi mata ƙarya ba, ta raɗa mini, "Hajiya, haka wasan yake. Da gangan ake rage ɗaya. Wanda bai samu ba ya fita." Na ce, "Ya fita ya je ina?" Ta ce ya koma gefe. Na koma gefen ni ma, kusa da yarinyar mai kitso biyu, muka zauna mu biyu da aka kora. Aka ci gaba. Duk zagaye sai a ɗauke kujera ɗaya, a fitar da yaro ɗaya. Na ga yaro ya ture ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya da ƙugu, iyaye suna tafi. A ƙarshe wani ƙosasshen yaro ya rage a kan kujera ɗaya tilo, aka ɗaga hannunsa wai ya ci. Ya waiwaya yana neman wanda zai yi wa dariya, sauran duk sun tafi wurin kek.

A motar komawa gida na yi ta juya abin a raina. Na gane abin da ɗana yake nufi, kuma na ji tausayinsa. Amma zuciyata ba a ofishinsa take ba, ta riga ta yi gida.

Ni ba a ƙauyen da nake kira garinmu aka haife ni ba. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, aka ɗauko ni daga can yamma aka kawo wa gwaggona riƙo. Abin da na fara riƙewa na garin shi ne ƙararsa. Tun kafin gari ya waye sosai za ka ji guga tana bugun bakin rijiya, zakaru na amsa wa juna daga gida zuwa gida, tsintsiya na shara a kan busasshiyar ƙasa. Hantsi na ɗagawa sai taɓare su ɗauka. Mata uku a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, a cilla taɓarya sama a tafa a cafe, lugude na tashi har sai ka ji shi a ƙirjinka. Daga jin dakan kaɗai gwaggo takan san gidan da aka yi baƙi da gidan da aka kwana da faɗa. Mu yara aikinmu ba ya ƙarewa, surfe, tankaɗe, wanke-wanke da toka, kai abinci gona, tsinko kara, kora awaki daga shanyar gari. Muna mita, muna yi, muna dariya. Nan kuwa, a hawa na huɗu, ƙarar da na sani ita ce ta injin sanyaya ɗaki, dare da rana, murya ɗaya ba ta canzawa. Gari a leda yake zuwa. Maƙwabciyata ta ƙofar da ke kallon tamu, mun shekara muna haɗuwa a lif, har yau ban san ko tana da uwa a raye ba.

Kujera kuwa a gidan gwaggo ɗaya ce, 'yar tsugunno, ta bakin murhu, ta yi baƙi da hayaƙi ta yi santsi da zama. Ba mai takara a kanta. Sauranmu tabarma ce, kuma ban taɓa jin an ce tabarma ta cika ba. Ko mu nawa ne a kai, in aka yi sallama gwaggo ba ta ko ɗaga kai daga tsinkar ganyen da take yi, sai dai ta ce, "Ku matsa, mutum ya zo." Mu matsa. Wani ya zauna rabi a tabarma rabi a ƙasa, wani a ɗora shi a cinya. Haka kwanon tuwo, in hannu ya ƙaru sai loma ta ragu, shi ke nan. Ba ina cewa mu waliyyai ba ne. Akwai rowa, akwai gulma, akwai mugunta, zan ma zo kanta. Amma a ce an zauna an ƙirƙiro wasa takanas don a koya wa yaro ture ɗan'uwansa, wannan ban taso na gani ba.

Wasanmu na 'yan mata gaɗa ce. In an ci tuwo, farin wata ya fito, sai ka ji tafi daga dandali, ƙafarka ta kama ƙaiƙayi ko kwano ba ka gama wankewa ba. Mu tsaya kafaɗa da kafaɗa mu yi rabin da'ira. Mai murya ta ba da waƙa, mu amsa, tafi na tafiya. Sai ɗaya ta fito tsakiya ta taka rawarta, ta juya mana baya, ta saki jiki gaba ɗaya ta faɗo. Mu tare ta da hannuwa, mu cilla ta sama, ta dira a kan ƙafafunta tana dariya, ta koma layi, wata ta fito. Ba a fitar da kowa. Mai ƙiba a ƙara hannu, ramammiya a cilla ta har ta yi ihu. Akwai wata mai shan inna a ƙafa, ita ma sai ta faɗo an tare ta, rawar ce kawai take yi da kafaɗa. Daɗin abin duk yana cikin wannan ɗan lokacin da ƙafarka ta bar ƙasa, ba ka ganin kowa sai sama, ba ka da abin riƙewa, kuma ka san akwai hannuwa.

Farkon zuwana ba na shiga, sai dai in tsaya a bakin layi ina tafi. Hausata ta yamma ce, in na buɗe baki sai su kwashe da dariya suna kwaikwayona. Ranar wata Sallah da la'asar, an yi kitso an sha lalle, gwaggo ta ɗaura mini sabon zane ta ce in je in shiga cikin 'yan'uwana, ba a zama baƙo har abada. Na je. Manyan 'yan matan suka karɓe ni da fara'a har na yi mamaki, suka ce yau baƙuwa za ta fito. Ashe sun ƙulla abinsu. Na fito tsakiya, na taka yadda na ga ana yi, na juya baya, na rufe ido na saki jiki. Su kuwa suka janye hannuwansu suka ja da baya, don a ga faɗuwar baƙuwa a yi dariya.

Mutum ɗaya ce ba ta janye ba. Wata siririyar yarinya ce baƙa, mai wushirya, 'yar gidan maƙera, ko magana ba mu taɓa yi da ita ba. Ita kaɗai ta tare ni, ni kuwa a lokacin ba ƙaramar yarinya ba ce a jiki. Muka zube tare, ni a sama ita a ƙasa, na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin bayana. Tafi ya tsaya. Da na mirgina na tashi, na ga hannunta na hagu ya lanƙwashe daga wuyan hannu, ta riƙe shi da ɗayan tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba tukuna. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke wai me ake ba ki a gidanku? Nauyi kamar buhun gero."

Aka kai ta wurin maɗori, ya ja hannun tana ihu har ana ji a bakin kasuwa, ya jera karan dawa ya ɗaure da tsumma. A ranar tsofaffin unguwa suka hana gaɗa, dandali ya yi shiru har aka yi girbi. Kakar yarinyar, wata tsohuwa mai faɗa da ko maza ke shakka, ta tara manyan 'yan matan a zaure. Ba ta doke su ba, ta dai ce, "Yarinya ta juya muku baya ta faɗo, wato ta ba ku amanar ƙeyarta. Ku da kuka iya janye hannu, gobe wa zai tare ku?" Ni kuma gwaggo ta ce tunda a dalilina hannun ya karye, hannuna ya zama nata har ta warke. Kullum da safe in na gama aikin gidanmu sai in tafi gidan maƙera, in yi mata daka, in jawo mata ruwa, in ɗaura mata zane, in tsefe mata kai. Tana zaune tana ba ni umarni kamar uwar gida, tana gyara mini Hausa, ina ce mata mai hannun kara. Hannun ya warke a karkace, bai ƙara miƙewa daidai ba. Da aka kwance ɗorin, iyayenmu suka ƙulla mana ƙawance yadda ake yi, aka kai goro da ƙwaryar fura gidansu, aka kawo gidanmu. Tun daga ranar ban ƙara kiran sunanta ba, ita ma haka. Ƙawa kawai.

Ita ta yi mini rakiya ɗakin miji, ni na yi mata. Ita ta karɓi haihuwar wannan ɗan nawa da yake murza mini goshi, da karkataccen hannun nata ta fara ɗaukarsa. Da mijina ya rasu, a ɗakina ta tare har na fita takaba. Sauran 'yan layin namu kuwa, har da waɗanda suka janye hannu, waɗanda daga baya muka zama abokan arziki, ɗaya bayan ɗaya aka yi ta aiko mini da labarinsu. Wata haihuwa, wata hawan jini, wata ta kwanta lafiya ba ta tashi ba. Allah ya jiƙansu.

Tunda na ga wasan nan a istiraha sai kunnena ya buɗe, na ga ashe maganar a bakin kowa take. Direban da ke kai yara makaranta, wani bawan Allah mutumin wajen Katsina, ya ce mini kafilinsu, wato mai gidan da ke riƙe da iƙamarsu, takardar izinin zama a ƙasar, wasan kujera yake yi da su, bana ya rage mutum biyu, baɗi Allah kaɗai ya san wa. Matan unguwar jakadu in sun zo gaishe ni, hirarsu ke nan, an ɗauke mijin wance an mayar gida, an kawo wane, wasan kujera. Ɗana da abokansa in sun zauna a falo suna taɓa siyasar gida, a cire wannan a naɗa wancan, jiya kana sama yau kana gefe, sunan da suke ba abin ke nan. Na zauna na auna, na ga duk inda suka ambace shi abu ɗaya suke nufi. Wuri bai kai yawan mutane ba, kuma da gangan aka rage. Mai riƙe da kiɗan yana gefe, ba ya zagayawa, ba a kuma jin haushinsa. Haushin duk a kan na kusa da kai yake, wanda kuke zagayawa tare kuna murmushi kowa na satar kallon kujera. Abin da ya fi damuna shi ne yadda suke faɗar sunan suna dariya, manya da gemu, kamar tun suna yara aka gaya musu haka duniya take suka yarda.

Ban ga laifin ɗana ba, Allah ya sani. A ƙasar nan aikin mutum shi ne zamansa. In aikin ya tafi, iƙamar gidan gaba ɗaya ta tafi, da tawa, da makarantar yara, da komai. Ya ba ni labarin wani abokin aikinsa da ya je gida jinyar mahaifinsa, ya dawo ya tarar da wani a teburinsa. Ina ganin yadda yake fita da sassafe ya dawo idanu sun faɗa, abinci ma sai matarsa ta matsa masa. Sai in je bakin ƙofarsa da maganar tafiya a bakina, in ji yana waya da muryar nan ta ladabi da yake yi wa manyansa, in juyo in koma ɗaki.

Ranar Juma'a jikan Ƙawa yakan kai mata waya. Ita a wurinta duk ƙasar nan Makka ce, na gaji da gaya mata tsakanin Riyad da Makka tafiya ce mai nisa. Muryarta ta sirance, amma bakin yana nan.

"'Yar Makka, har yanzu kina nan kina shan sanyin inji?"

"Ina nan, Ƙawa. Ya ƙafafun?"

"Sun ƙoshi, sun fi ni ƙiba. Yaushe za ki zo ki ga yadda na zama matar mai kuɗi daga gwiwa zuwa ƙasa?"

Na ce yaron ne aiki ya riƙe, na kwashe labarin wasan kujera na ba ta, har da abin kunyar da na yi a istiraha. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na ji jikan yana cewa a kawo ruwa. Da ta samu numfashi ta ce, "To in an ɗauke kujerar, ba sai a zauna a ƙasa ba? Su ƙasarsu ba ta zaunuwa ne?" Sannan ta sassauta murya. "Ki bar yaro ya riƙe abincinsa, Ƙawa. Kada ki tsaya masa a wuya. Ni ina nan, da waɗannan ƙafafun ina zan je?"

Na ajiye wayar na daɗe zaune a bakin gado. Kewarta nake ji har cikin ƙashina. Ba wata magana ce da ni da zan gaya mata ba wadda waya ba za ta ɗauka ba. So nake kawai in zauna kusa da ita a tabarma, in matsa mata ƙafa, mu yi gulmar matattu, in ji wani ya tuna kalar zanen da na ɗaura ranar Sallar nan. Duk wanda ke kewaye da ni a nan da furfura ya san ni.

Sanyi ya wuce, zafin Riyad ya shigo, irin wanda ko tagar ɗaki ba ka son taɓawa. Rannan ɗana ya shigo da fara'ar da na daɗe ban gani ba, tun daga ƙofa yake kirana. Ya ce an gama, an rage waɗanda za a rage, shi an bar shi, har an ba shi hutu. "Sati mai zuwa, Hajiya, in sha Allah. Ki fara haɗa kaya." Na yi hamdala, na sa masa albarka, ban tambayi su wa aka rage ba, don na san su ma da uwayensu. Washegari da yamma ya kai ni kasuwar Dira, kusa da tsohon ginin ƙasar nan na Masmak, na bi shaguna ina jan gwiwa kamar ba ni ba. Na saya mata turaren wuta, da dabino mai laushi saboda haƙoranta, da silifa mafi faɗi da aka samu a kasuwar. Na hana jikan ya gaya mata, wai ni mai dabara, so nake ta ji sallamata a zaure.

Ana saura kwana kaɗan, da hantsi, ina ɗaki ina ninke zannuwa, na ji an buɗe ƙofar falo. Ba lokacin dawowarsa ba ne. Ya yi sallama a bakin ɗakina ƙasa-ƙasa, ya cire takalmi, ya shigo. Ga gado, ga kujera, bai zauna a ko ɗaya ba. Ya zo gabana ya tsugunna har ƙasa, da rigar aikinsa da katin wuyansa yana lilo, ya sunkuyar da kai. Na ajiye zanen da ke hannuna.

Na ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Da asuba. Har an kai ta." Sai muryarsa ta karye. "Hajiya, ki yafe mini."

Na yi salati. Na dafa kansa na ce ya tashi, ba shi ya riƙe rai ba. Ya ce ko mu tafi hakanan a yi gaisuwa, na ce a bari tukuna, yanzu ba ni da ƙafar shiga garin nan. Hawaye kuwa ko ɗigo bai zo mini ba.

Na sa aka ja teburin falo gefe, na shimfiɗa darduma a ƙasa, na yafa mayafi na zauna da carbi, kamar yadda ake zaman makoki a gida. Matar ɗana ta dafa shayi ta cika fulas, ta jera kofuna. Ba wanda ya zo. Ban ga laifin kowa ba. A nan ba wanda ya san ta, kuma a lissafin mutane ba uwata ba ce, ba 'yata ba, ba 'yar'uwata ba. Wa zai bar aikinsa ya ratso Riyad don ƙawar wata tsohuwa ta rasu a wani ƙauye? Can gida ana ta shiga ana fita ana yi wa 'ya'yanta da jikokinta gaisuwa, ni da na fi su daɗewa da ita ina hawa na huɗu da fulas ɗin shayi.

Da la'asar Takwara ta dawo daga makaranta. Ta tsaya da jakarta a baya tana kallona, ta tafi kicin, na ji suna ƙus-ƙus da uwarta. Ta dawo ta durƙusa kusa da ni, ta ce da Hausarta mai ƙashi, "Jadda, me mutane yana cewa in ya zo?"

Na ce, "Sallama ake yi. A zauna. A ce, ya haƙuri. A ce, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Ta maimaita a hankali tana motsa leɓe. Sai ta miƙe ta ajiye jakar, ta ɗauki gyalen uwarta ta yafa yana jan ƙasa, ta buɗe ƙofar gidan ta fita waje ta rufo. Ina zaune ina mamakin inda za ta, sai na ji ƙwanƙwasa.

"Salamu alaikum."

Na amsa. Ta shigo, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta tako a hankali ta zauna a gefen dardumar, ta tanƙwashe ƙafa. Ta dube ni ido cikin ido.

"Kaka, ya haƙuri?"

Amsar kalma biyu ce, na ba wa mutane ita sau ba adadi a rayuwata. Na buɗe baki in ce da godiya, ta ƙi fita. Yarinyar ta jira, ta ga ban ce komai ba, ta ɗauka ko ta yi kuskure ne, sai ta sake faɗa a hankali tana gyara kowace kalma. A nan kukan ya zo.